Waldar da Ta Fasa Taraktar Maƙwabcina

Gabas da Tafkin Ontariyo, a arewacin jihar Niyok ta Amurka, akwai wani tudu mai faɗi da ake kira Tug Hill. Iskar hunturu takan taso daga yamma ta bi tsawon tafkin, wanda saboda zurfinsa ba kasafai yake daskarewa duka ba, ta kwashi danshin ruwan, da ta hau tudun sai ta sauke kayanta. A wasu garuruwan yankin, dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara takan haura mita 5. A watan Fabrairun 2007 ƙauyen Redfield ya samu wajen mita 3 da rabi cikin kwana 10. Motocin hukuma suna share titin gwamnati dare da rana, amma daga bakin titi zuwa ƙofar gidanka, wannan kuma naka ne. In ba ka buɗe ba, kana ciki har sai wani ya ji tausayinka.

Aikin kula da injina a wata masana'antar madara ne ya kai ni yankin da iyalina. Walda kuwa tun ina saurayi na koye ta a Panteka ta Kaduna, a hannun ƙanen mahaifiyata, kuma ina ji da hannuna ƙwarai. Gidan da muka kama haya yana ƙarshen wata hanyar tsakuwa mai tsawon kamar mita 300, wadda muke tarayya a kanta da wasu tsofaffi biyu, mata da miji. Mijin ya haura shekara 80, manomi ne ɗan manomi, ya sayar da shanunsa ya huta. Baba nake ce masa, matar kuma Mama. Da farko abin ya ba su mamaki, daga baya suka saba har suna amsawa da fara'a. Mama tana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, mai ciwon ƙoda kuwa in ya tsallake ranarsa ruwa da guba ke taruwa a jikinsa. Saboda haka a wannan gidan buɗe hanya magana ce ta rai.

Abin da Baba ke share hanyar da shi tsohuwar tarakta ce, Ford 8N, mai ruwan toka a sama da ja a ciki, wadda mahaifinsa ya saya sabuwa. Kamfanin ya ƙera irinta fiye da 500,000 tsakanin 1947 da 1952, har yau kuma in ka zaga ƙauyukan Amurka za ka gan su a rumbuna, da yawansu suna aiki. Ƙarama ce, nauyinta tan ɗaya da 'yar ɗoriya, ƙarfin injinta bai kai na doki 30 ba. Garmar da Baba ke amfani da ita a baya take rataye, don haka mai tuƙi kullum wuyansa a karkace yake, ko yana ja yana waiwaye, ko yana turawa da baya-baya. Shekaru sun hana shi waiwaye. Wata rana na ga ya sauko yana dafe da wuya, hannunsa na rawa, sai na ce ya bar mini aikin, kuma zan ɗaura wa taraktar garma a gaba, yadda ko ni ko shi, duk wanda ya hau zai ga abin da yake turawa. Wannan niyyar har gobe ban yi nadamarta ba. Abin da na yi da ita ne nake nadama.

Na samo garmar a wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Ta gaban motar a-kori-kura ce, irin wadda 'yan kwangilar share ƙanƙara ke amfani da ita: faifan ƙarfe mai lanƙwasa, faɗinsa ya ɗan haura mita 2, da kaifi a ƙasa, da wani ƙarfe mai kusurwa uku a baya wanda ke haɗa shi da mota. A bayan faifan akwai manyan sifirin guda biyu da tsatsa ta ci, sai 'yan takalman ƙarfe biyu zagayayyu, masu ɗaga kaifin kaɗan daga ƙasa.

Da na tsaya na kalli taraktar da kyau kafin in kunna injin walda, da ƙirarta ma ta ishe ni bayani. Asalin tsarinta na Harry Ferguson ne, ɗan manomi daga Ayalan ta Arewa, wanda a 1938 ya nuna wa Henry Ford dabararsa, suka ƙulla yarjejeniya da musafaha ba takarda, a 1939 aka fitar da 9N, yayar wannan 8N ɗin. Dabarar ita ce a haɗa garmar noma da bayan tarakta a wuri uku, hannu biyu a ƙasa ɗaya a sama, famfon haidirolik na ɗagawa da saukewa, ta yadda turjiyar ƙasa za ta koma nauyi a kan tayoyin baya, ƙaramar tarakta ta yi aikin babba. Daga baya Ferguson ya ɓata da jikan Ford, shari'arsu ta ƙare a 1952 aka biya shi dala miliyan 9 da 'yan kai, a 1953 kuma kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada. Jajayen Massey Ferguson da muka taso muna gani a gonakin Arewa daga wannan tsatson suke, da hannayen nan uku a bayansu. Duk tunanin mutumin nan a baya ya tara shi. Can manyan tayoyi suke, can aksul mai kauri yake, can aka tanada don ja da turjiya. Gaba kuwa na juya akala ne kawai.

Sannan ba ta da shasi. Motar a-kori-kura tana da dogayen ƙarafa biyu daga goshi zuwa wutsiya, komai a kansu yake zaune, in garma ta bugi abu su ke rarraba dukan. A 8N injin da akwatin giya da gidan aksul na baya aka ɗaure da juna da notuna, su ne ƙashin bayanta. Har kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injin, wanda a mota gwangwani ne kurum, a nan ƙarfen zubi ne mai kauri, a goshinsa aka ɗaure mazaunin aksul na gaba, lagireto kuma a kan mazaunin yake. Ƙarfen zubi yakan ɗauki nauyi shekara da shekaru bai ce uffan ba, amma ba ya lanƙwasa, in duka ya fi ƙarfinsa tsagewa yake yi. Wannan na san shi tun ina Panteka, sanin kuma bai hana ni komai ba.

Ranar da nake auna goshin taraktar, Baba ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce a zamanin mahaifinsa kamfanin Dearborn, mai sayar da kayan aikin waɗannan taraktoci, yana da garmar gaba, kuma ƙarafanta dogaye ne, suna bi ta ƙarƙashin cikin taraktar har su kama aksul na baya, igiyar ƙarfe kuma ke ɗaga ta daga hannayen baya. "Garmar a gaba take," in ji shi, "amma daga baya ake tura ta." Na ce, "Baba, ai wancan aikin da ne. Ƙarfen yanzu ya fi kyau, waldata kuma ba ta sakin abin da ta kama." Ya dube ni ya ce to, ni ne mai sana'a. Ya koma ciki.

A lokacin na ɗauki maganarsa begen zamanin da ya wuce. Gaskiyar kuwa ita ce hanyarsa tana son ƙarfe mai yawa, da awo, da kwanciya a ƙasa cikin sanyi na makonni, ni kuma ina son in gama kafin ƙanƙarar farko. Akwai kuma wani abin da sai daga baya na yarda da shi. Baƙo a ƙasar mutane yakan gaji da zama mai tambaya kullum, wanda ake koya wa yadda ake kunna hita da yadda ake tuƙi a kan santsi. Ga abu ɗaya da na iya, ina son a ga na iya shi ba tare da an nuna mini ba. Na yanka farantai masu kauri, na huda, na ɗaure su a mazaunin aksul na gaba, na rataya garmar a kansu, na sa winci na hannu don ɗagawa. Takalman nan na kwance su na jefa a lungu, don ina son kaifin ya kankare har ƙasa. Na shafa jan fenti. A ido kam aikin ya yi kyau.

Ƙanƙarar farko ta sauka a Nuwamba, ƙasa ba ta riga ta daskare ba. Ina fara turawa, ban yi nisa ba sai garmar ta kife gaba, ƙanƙarar ta zube ta ƙarƙashinta, sifirin ya dawo da ita da ƙara, kwaram. Na sake, ta sake. Aikin ɗan lokaci ya cinye mini safiya, tsakuwar hanyar kuma duk na kwashe ta na watsa a ciyawa. Raina ya ɓaci matuƙa.

Kifewar nan da gangan aka yi ta. Duk garmar ƙanƙara ta kirki haka ake ƙera ta: a wasu faifan ne gaba ɗaya ke kifewa, a wasu kaifin ƙasa kaɗai ke lanƙwashewa baya, idan aka ci karo da abin da ba ya motsi, dutse ne, ko murfin lambatu, ko gefen titi. Garmar ta tsallake abin, sifirin ya shanye dukan, mota da direba su tsira. Mai share ƙanƙara ba ya ganin abin da ke ƙasa, fari ya rufe komai, wanda ya ƙera garmar kuma ya san da haka. Tawa tana yawan kifewa ne saboda na ɗaure ta sama da inda ya dace, ƙarfen bayanta ya sunkuya maimakon ya kwanta daidai da ƙasa, kaifin na cakar tsakuwa. Ga takalma na cire. Ga sifirin ya gaji, sabo yake so, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Garmar tana gaya mini ne cewa ɗaurin bai yi ba, ni kuwa abin da na ji shi ne tana kunyata ni a gaban dattijo.

Bayan isha'i na shiga rumbun, na yanko guntayen ƙarfe biyu, na walde faifan da ƙarfen bayansa, dama da hagu. Sifirin na nan a wurinsa amma ba shi da sauran aiki. Na goge, na shafa fenti a kai. Fentin nan ya fi komai damuna in na tuna. Wanda ya yarda aikinsa daidai ne ba ya tashi da dare ya rufe shi. Na san in Baba ya gani zai hana, shi ya sa na tabbatar bai gani ba. Taraktar kuwa tasa ce, gadon mahaifinsa, amana aka ba ni.

Ta kuwa yi aiki. Muguntar irin wannan kuskure ke nan, ba ya nuna kansa ran farko. Disamba ya shiga, ƙasa ta daskare ta yi tauri, kaifin na zamewa a kai sumul. Baba ya yaba, na amshi yabon. Na fara ƙara gudu, daga giya ta biyu na koma ta uku, don da gudu ne ƙanƙarar ke murɗewa a jikin faifan ta faɗa nesa. Duk ranar da na gama lafiya sai in ƙara yarda da kaina, alhali abin da ranar ta nuna kawai shi ne ban gamu da komai ba tukuna.

A Janairu aka kwana ana zubawa, ranar kuma ta wankin Mama ce, da sassafe ake jiranta. Na fito bayan asuba, gari bai waye ba, ƙanƙara ta kai gwiwa, iska na watso ta a fuska. Na yi zuwan farko lafiya. A na biyu na matsa gefe don in faɗaɗa hanyar, daf da inda kwalbati ya ratsa ta ƙarƙashi. Sanyin yankin nan yana da wata ɗabi'a: ruwan cikin ƙasa in ya daskare yakan kumbura ya turo duwatsu sama, wurin da yake shafe a kaka sai ka tarar dutse ya leƙo a tsakiyar hunturu. Kusurwar dama ta garmar ta same shi.

Taraktar ta tsaya cak, ni ban tsaya ba. Ƙirjina ya bugi sitiyari, numfashina ya ɗauke. Da na iya ɗaga kai sai na ga tururi na tashi daga goshinta, fanka ta ci lagireto, koren ruwa na kwarara. Na kashe injin, na sauko da kyar, na durƙusa na haska fitila. Baƙin mai mai zafi na ɗiga yana huda ƙanƙara. Goshin kaskon ya tsage daga ramin noti zuwa ramin noti, mazaunin aksul ya ja baya, sandar da ke riƙe aksul ɗin ta dama ta lanƙwashe, tayar gaba ta kalli wani wuri daban. Waldata kuwa ko gezau. Farantan suna nan daram, guntayen da na liƙa da dare suna nan. Duk dukan da aka ƙera sifirin ya shanye, na miƙa shi kai tsaye ga ƙarfen zubin da ya haura shekara 70.

8N ba ta da ƙarfen kariya a saman direba, ba ta da bel, an ƙera ta tun kafin su zo. Kifewar tarakta kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe manoma a Amurka. Da dukan ya karkata ta zuwa ramin kwalbatin, da wani ne ke ba da wannan labari.

Ga ta nan gicciye a tsakiyar hanya, mota ba za ta wuce ba. Baba ya buga wa wani mai kiwon shanun madara da ke gaba da mu, amma mai shanu ba ya barin tatsa a rabi. Sai da hantsi ya iso da babbar taraktarsa, ya janye tamu, ya buɗe hanya. Mama ta rasa lokacinta. Aka yi ta waya har aka samar mata gurbi da yamma. Na gan ta zaune a falo da rigar sanyinta tun safe, jaka a cinya, ƙafafunta a kumbure, ba ta ce wa kowa komai ba.

Abin da Baba ya faɗa ya fi dukan sitiyarin ciwo. Ya zagaya taraktar, ya dafa kafaɗata, ya ce kada in damu, tsohon ƙarfe ne kwanansa ya ƙare, a gode wa Allah da ban ji mummunan rauni ba. Ƙanƙara ta manne a bayan garmar, bai ga waldar ba. Ya miƙo mini mafita da hannunsa, ni kuma na karɓa. Na ce, "Haka ne, Baba." Na ja bakina na yi shiru.

Da na shiga gida maiɗakina ta ga yadda nake riƙe da haƙarƙari, ta ce, "Baban yara, ka yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na kasa amsa mata. Dutsen dai ba ni na ajiye shi ba, amma duk sauran ni ne.

Barci ya gagare ni. Tsakar dare a wurinmu, lokacin a Kaduna an idar da asuba, na kira Kawu, wanda ya koya mini walda, na aika masa hotuna, ina neman ya gaya mini yadda zan ɗinke kaskon. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Wannan guntun ƙarfen da ke bayan faifan, na kamfani ne?" Na ce a'a, Kawu. "Wa ya sa shi?" Na ce ni ne. "Mai ita ya sani?" Na yi shiru. Ya ce, "Kai yaro, ni ban koya maka haka ba. In ka ga maƙeri ya bar abu yana motsi, ka tambayi dalili kafin ka kashe shi. Kaskon kuma manta da shi. Ƙarfen zubin da ya sha mai shekara da shekaru, kuma shi ke ɗauke da goshin tarakta, ko da sandar nikel ka ɗinke shi ba ka da amana da shi. Amma ba wannan ne a gaba ba. In gari ya waye ka je ka gaya wa dattijon nan."

Washegari na sa guduma na karkaɗe ƙanƙarar, na kira Baba rumbun, na nuna masa. Na ce masa ba tsufa ne ya karya taraktarsa ba, ni ne. Na tuna masa ya ce in kai turin baya na ƙi, garma ta yi ƙorafi na toshe mata baki, na rufe da fenti don kada ya gani, jiya kuma ya ba ni uzuri na karɓa ina sane. Ya sa yatsa ya bi layin waldar, ya daɗe bai yi magana ba. Fuskarsa ta canja, ban kuwa ga laifinsa ba. Ya ce ƙarfe ana sayen wani. Ya ce da na faɗa masa tana kifewa, da mun gyara tare a yini guda, don ya san dalilin. Sannan ya yi mini tambayar da har yau ba ni da amsarta: da ranar ina wurin aiki, shi ne ya hau ta, da yaya ke nan?

Ya kuwa hau ta a Disamba, ba sau ɗaya ba, yana tafe da yardar cewa garmar za ta kife in ta bugi abu, don haka ya san garma duk rayuwarsa. Ni da nake da ƙarfina likita ya ce haƙarƙarina ya tsage, na yi makonni tari na gagarata. Ƙirjin ɗan shekara 80 ba zai ɗauki wannan ba. Wallahi ban taɓa kawo haka a raina ba sai da ya faɗa. Na cire wa mutum kariyarsa bai sani ba, na bar shi yana dogaro da ita. Na shiga na ba Mama haƙuri ita ma, na gaya mata dalilin zamanta na jiya. Ta ce ta yafe, amma in daina yi wa mijinta ɓoye-ɓoye, ba yaro ba ne. Sai da aka ɗauki lokaci kafin Baba ya koma yi mini hira yadda ya saba.

Na yi ta juya abin a raina a kwanakin da nake jinya. Walda na iya ta, iyawar ce kuma ta ja ni. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Nawa sanin na haɗa ƙarfe da ƙarfe ne, ban taso a ƙasar ƙanƙara ba, ban san abin da take ɓoyewa ba, wanda ya sani kuma yana tsaye a kaina na sallame shi. A sana'armu mun saba auna kyan aiki da cewa bai karye ba. Amma duk injin da aikinsa karo ne da ƙasa da dutse, akwai wurin da aka bar shi da rauni ko da sassauci da gangan: ƙusar da ke karyewa a injin yankan ciyawa in wuƙa ta bugi kututture, sifirin a bayan garma. In ka ƙarfafa wurin, dukan bai ɓace ba, ya wuce ne zuwa abin da ke biye, abin da ke biye kuma kullum ya fi tsada, wani lokaci ma mutum ne. Na sha ganin an ɗaure fis da waya a gida don kada wuta ta riƙa ɗaukewa, na sha yi wa masu yi faɗa. Ban gane abu ɗaya nake yi da su ba sai da na ga mai a kan ƙanƙara.

Gyaran ya ci sauran hunturun. Mai shanun ya ci gaba da buɗe mana hanya, ni ina biya. Alherin 8N shi ne yawanta, kayan gyaranta ba su yanke ba, sababbi da na kwance. Muka samo kasko da sanda daga wata da aka kwance, lagireto kuma sabo. Canja kaskon ba ƙaramin aiki ba ne, sai an tallafe injin an janye goshin taraktar gaba ɗaya. Baba na zaune a kujera kusa da hita yana faɗa mini wane noti ke bin wane, ni ina ƙasa. Wannan karon duk abin da zan yi sai na faɗa da baki kafin in taɓa.

Sannan muka yi ɗaurin yadda ya ce tun farko. Dogayen ƙarafa biyu suka bi ta ƙarƙashin ciki suka kama maƙalai a ƙarƙashin aksul na baya, kowanne da fil ɗin da yake juyawa a kai. A gaba muka yi musu 'yar rariya da ke hana su kaucewa dama ko hagu, amma ba ta ɗaukar turi ko kaɗan. Ƙarfen bayan garmar muka yi ta auna shi har ya kwanta daidai da ƙasa. Na sa giranda na yanke guntayen nan, muka sa sabon sifirin, muka mayar da takalma, kaifin ya tashi kaurin yatsa daga tsakuwa. Igiyar ƙarfe ta taso daga hannayen baya ta bi ta kan ƙafafun juyi zuwa gaba. A nan ma taraktar tana da halinta da dole ka koya. Famfon haidirolik ɗinta daga sandar juyi ta baya yake samun motsi, don haka da ka taka kuloci ɗagawa ta tsaya. In ka kai ƙarshen turi, ko dai ka ɗaga garmar kafin ka taka, ko ka cire giya ka saki kuloci ka jira ta hau. Mai gaggawa ba ya jin daɗin 8N. Muka zubar da man giya muka sa sabo, domin mai ɗaya ne da na haidirolik, ruwan da ya taru a cikinsa kuma in ya daskare yakan fasa famfon. Tayoyin baya dama cike suke da ruwan gishirin kalsiyam saboda nauyi, muka ƙara musu sarƙa, don garmar da ke rataye a gaba tana rage wa baya nauyi, baya kuwa shi kaɗai ke ja.

Kuɗin kayan Baba ya ce mu raba, na ƙi, muka yi ta ja har Mama ta raba gardama: ni zan biya gyara, su za su riƙa sayen fetur ɗin hunturu. Da ƙanƙara ta narke muka je tono dutsen, ashe abin da ya leƙo kansa ne kawai, sai da aka ɗaura masa sarƙa aka ja. A kaka, kafin ƙasa ta daskare, na bi gefen hanyar na kafa sanduna masu ƙyalli, biyu a bakin kwalbati. Yanzu a giya ta biyu nake turawa, in kuma ana zubawa da yawa nakan fita tun ba ta taru ba, ko da tsakar dare ne, musamman daren da Mama za ta wayi gari da wanki. Garmar takan kife jefi-jefi. In ta kife nakan tsaya, in sauko in duba abin da ta taɓa, in gaya wa Baba da safe.